Ganyen da Ka Ƙirga a Gadon Asibiti

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu kuma ubanmu, wanda duk layinmu ya sani da Baba Mai Wardi, bayan jinyar wata uku a asibiti. Baba, ina tsakiyar yi wa wani aski 'yarka ta kira ni a waya. Ban san lokacin da na kashe injin ba. Mutumin ya miƙe da rabin kai a aske, ya kifa hularsa ya biyo ni, domin shi ma akwai tukunyar furenka a ƙofar gidansa.

Yau kwana ashirin da uku ke nan, Baba. Mutane sun faɗi alherinka, kuma babu wanda ya yi ƙari. Ni abin da ya riƙe mini hannu na kasa rubutu tun farko shi ne akwai wata magana tsakanina da kai wadda ban faɗa maka ba kana da rai. Ka bar mini amanar tukwanenka arba'in da ɗaya. Na kula da arba'in yadda ka ce, na yi wa ɗaya karambani, kuma ita ce wadda ka fi so, wadda babu irinta a hannun kowa. Har zuwa wannan safiya ban sani ba ko za ta rayu. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da kai, domin kai ne aka rasa.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana mai lambu a wani kamfani. Da ka yi ritaya, kuka dawo kai da matarka Mama hawa na biyu na benen da shagona na aski yake a ƙasansa, ɗaki biyu da falo, babu ƙasar shuka ko taƙi ɗaya. Da wani ne, da ya rungumi rediyo ya zauna. Kai sai ka roƙi mai gidan ya bar maka saman benen, inda babu komai sai tankin ruwa da igiyar shanya, ka fara hawa da tukwane ɗaya bayan ɗaya, kana hutawa a kowace kwanar matakala. Shekara goma sha biyu ka yi kana gwada wane wardi ne yake yarda da zaman tukunya, wane ne ba ya yarda. Ka kashe da yawa kafin ka gane, kuma ba ka taɓa ɓoye hakan ba.

Haɗuwarmu ta farko ban ji daɗinka ba, gaskiya. Na ga hoton wani wardi mai hawa bango a jikin kalanda, ya lulluɓe ƙofa da jan fure, na ce nima haka nake so ƙofar shagona ta zama. Na wanke gwangwanin fenti, na hau wurinka da shi ina ji da kaina. Ka karɓi gwangwanin, ka juya shi, ka leƙa gindinsa, ka miƙo mini abina.

Ka ce, "Ɗana, mai hawa ba ta zaman gwangwani. Yadda kanta yake neman sama, haka saiwarta take neman ƙasa. Wata shida za ta yi maka fara'a, sannan ta mutu, ka dinga cewa tsohon nan ya cuce ka."

Daga nan ka yi mini tambayoyin da daga baya na gane kowa sai ka yi masa su kafin ka ba shi ko reshe ɗaya. Awa nawa rana take sauka a inda za a ajiye tukunyar? In ba ta kai shida ba, kakan ce a haƙura da wardi, a nemi wani fure. Zurfin tukunyar nawa ne? Ba ka yarda da baki ba, sai ka zura hannunka ka auna da kanka. Ta ƙarshe kuma ita ce ta fi kama mutane: in ka yi tafiya, wa zai ba ta ruwa? Ni ka ba ni mai gungu, wadda take fitar da ƙananan furanni biyar shida a reshe ɗaya, a cikin tukunyar ƙasa mai zurfin kamu guda. Ka ce ita ce mai haƙurin zaman haya, ba ta wuce ƙugun mutum, kuma ba ta fushi in an makara mata da ruwa na yini ɗaya. Shekara tara ke nan tana ƙofar shagona.

A wurinka na koyi cewa ba kowane wardi ne ɗaya ba. Doguwar nan mai fure ɗaya tak a kan dogon kara, wadda kowa yake mutuwar so, kakan ce 'yar masu hali ce, ko rabin durom aka ba ta sai ta yi ƙorafi, kuma iska kaɗan ta kifar da ita. 'Yar ƙaramar kuwa, mai fure kamar maɓallin riga, tukunya mai taƙi ɗaya da rabi ta ishe ta, amma ƙasarta tana saurin bushewa, don haka ba ka ba matafiyi ita. Tukunyar baƙar roba ba ka son ta ko kaɗan, ka ce tana dafa saiwa da tsakar rana. Tukunyar da ba ta da huda a gindi kuwa ba ka kiran ta tukunya, kabari kake ce mata.

Na tuna ranar da wani babban mutum ya zo da mota, direbansa ya sauke wasu tukwane shida masu ƙyalli, ƙanana, babu huda ko ɗaya, ya ce a cika masa su da doguwa mai fure ɗaya don falonsa. Ka yi masa bayani cikin ladabi cewa wardi ba ya zaman falo, kuma waɗannan tukwane ba za su riƙe shi ba. Ya ce shi ba shawara ya zo nema ba. Sai ka nuna masa shagon da ake sayar da furen roba a bakin titi, ka ce waɗancan ba sa mutuwa kuma ba sa neman rana. Ya tafi yana huci. Mu muna shago muna dariya, kai kuwa ba ka yi ba, har ka ce mana mutumin yana son fure da gaske, wuri ne bai ba shi ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da take haya a ƙarshen layinmu, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Ta zo neman tukunya ɗaya, ta zama ɗalibarka. Ka koya mata haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, da zuba tsakuwa a gindi, da duk abin da ni ban tsaya na koya ba don ina ganin ai kallo ya ishe ni. Yau barandarta ce ta fi ta kowa kyau a layin.

Alherinka a kaina ba na fure ba ne kawai. Gashin kanka bai kai a ƙirga ba, amma duk mako biyu sai ka sauko ka zauna a kujerata ka ce a gyara. Nakan zaga da inji a kan abin da babu, kana ba ni labari, kana yi mini faɗa a fakaice kan saurin hannuna da saurin bakina. Da mahaifiyata ta rasu, na rufe shago na kwana goma sha ɗaya, ba na son ganin kowa. Ba ka yi mini wa'azi ba. Wata safiya na ji an ƙwanƙwasa, na buɗe na tarar da kai kana haki, ka ajiye tukunyar farin wardi a bakin ƙofa. Abin da ka ce kawai shi ne wannan tana son ruwa kowace safiya, kuma kai gwiwarka ba za ta iya zuwa kullum ba. Dole na dinga tashi. A kwana na huɗu da kawo ta na buɗe shago.

Yanzu bari in zo kan Gajeriya. Lambun kamfanin da ka yi wa aiki, bayan ritayarka da shekara biyu aka yanke shawarar shafe shi da siminti a mai da shi wurin ajiye motoci. Ka je kwana ɗaya kafin a fara, ka yanko reshe daga wani guntun wardi da ke bakin famfo, wanda kai kanka ba ka san asalin sunansa ba. Furensa ruwan goro ne mai haske, ƙamshinsa yana cika saman benen da safe, kuma tsawonsa ba ya wuce gwiwa. Ka ce a duk shekarunka ba ka ga wardin da aka halitta don tukunya kamarsa ba. Ka sa masa suna Gajeriya, sunan da kake tsokanar Mama da shi tun kuna da ƙuruciya, ita kuma takan harare ka ta ce ai gajeren abu shi ne mai ƙamshi.

Gajeriya ba ta kamawa in an dasa reshenta, sai an yi mata aure. Haka masu lambu suke kiran aikin: a yanko ido ɗaya, wato gurbin toho, daga reshen wardi mai kyau, a tsaga ɓawon wardin daji mai ƙarfin saiwa, a cusa idon a ɗaure, su haɗu su zama ɗaya. Saiwa ta daji ce, fure na mai kyau ne, wurin haɗuwar kuma yakan kumbura ya zama ƙulli kusa da ƙasa. Mama takan ce mijinta ya ɗaura auren da ya fi na limamin unguwa yawa, kuma babu wanda ya mutu a hannunsa. Sau biyu ka raba 'ya'yan Gajeriya, sau biyu suka bushe a hannun masu yawan tafiya. Saura ɗaya ta rage, taka, kuma ka yi niyyar bana za ka ɗaura mata aure goma ka raba wa masu zama wuri ɗaya.

Ranar da za a kai ka asibiti, ka tsaya a ƙofar shagona kana dafe da kafaɗar 'yarka, ka miƙo mini makullin saman bene. Mama gwiwoyinta sun daɗe da hana ta hawa, 'yarka kuma aikinta da gidanta suna nesa. Ka ce, "Ruwa kawai. Ka zuba har ka ga ya ɗiga ta ƙasa. Almakashinka kuma ka bar shi a shago." Na yi dariya na ce to, Baba.

Mako biyu na yi ina bin umarninka. A na uku na lura da Gajeriya. Wasu sababbin rassa guda uku sun taso daga cikin ƙasar tukunyar, miƙaƙƙu, kore shar, suna tsawo kamar ana jan su. A tsakiyarsu kuma ga tsofaffin rassanta, gajeru, karkatattu, ganyensu ya yi ƙura, babu fure don lokacin hutunta ne. Ni mai aski ne, Baba. Shekara ashirin ina rage abin da ya karkace ina barin abin da ya tsaya daidai. Na ce a raina tsoho ya gaji, sabon jini ya zo, bari in rage mata nauyi ka dawo ka tarar da abin mamaki. Ban ma sauka ɗauko nawa almakashin ba, naka yana rataye a jikin tanki. Na aske tsofaffin rassan nan tas har bakin ƙullin, na share wurin, na zuba su a shara. Har ja da baya na yi ina kallon aikina kamar yadda nake yi in na gama wa ango aski.

Ban faɗa maka na taɓa ta ba. Na san ka hana, na ce sai ta yi fure in faɗa, lokacin da faɗan ba zai yi zafi ba. Sababbin rassan suka yi ta tsawo, suka wuce ƙuguna, suka kai kafaɗata, ƙayoyi birjik, amma babu alamar fure ko ɗaya. Na fara zargin na yi kuskure, na dinga danne zargin. Da na je duba ka, don in faranta maka rai, na ce Gajeriya ta bar gajarta, ta kusa kamo ni tsawo. Ka juyo da kanka a kan matashi ka dube ni. Ka ce in na dawo in tsinko maka ganyenta ɗaya, kana marmarin ganin ta.

Na kawo maka shi a cikin ambulan, mako biyu kafin rasuwarka. Ka shimfiɗa ganyen a kan zanen gado, ka bi shi da babban yatsa a hankali, leɓenka yana motsi. Na ɗauka tasbihi kake yi. Mama tana zaune a kujera ta tambaye ka yaya 'yar uwarta Gajeriya take. Ka ce mata tana hannun ɗan amana. Sannan ka kama hannuna ka ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ci gaba da ba ta ruwa. Ƙullin nan dai, kome za a yi, kada a taɓa shi." Na fita daga ɗakin ina murna an yabe ni.

Kwana takwas bayan rasuwarka, ɗalibarka ma'aikaciyar jinya ta roƙi in buɗe mata saman benen ta ga tukwanenka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana share ƙwalla. Da ta zo kan Gajeriya sai ta tsaya cak. Ta kama ganye ɗaya ta bi shi da yatsa, daidai yadda ka yi. Ta durƙusa ta tone ƙasar gindin kaɗan, ta ga inda rassan suka fito, ƙasa da ƙullin, ta ga kuma tabon almakashi a samansa.

Ta ce, "Yaya, wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ganyen wardi kamar hannu yake, yana da yatsu. Na Gajeriya biyar ne. Wannan bakwai ne, na daji ne. Ka yanke amaryar ka bar daji. Ka kashe auren."

Na nemi wuri na zauna a gindin tanki. Ba asarar ce ta fara zuwa mini ba, yatsanka ne a kan zanen gado. Ashe ƙirgawa kake yi. Ka kai bakwai, ka san abin da na aikata, ka san wardin da ka tsamo daga bakin siminti ka yi rainonsa shekara goma ya tafi shara ta hannuna, ka san kuma ba za ka tashi ka gyara ba. A gaban matarka ka kira ni ɗan amana. Da ka zage ni, Baba, da tuni na warke. Wannan shirun naka shi ne yake hana ni sakewa, ina cikin aski sai in ji hannuna ya tsaya.

Ɗalibarka ta ce saura dabara ɗaya. Muka fizge rassan dajin daga tushe, domin ta ce in an yanka su sai su dawo da ƙarfi. Muka bar ƙullin shi kaɗai a tsakiyar tukunya, baƙi, busasshe a ido, kamar guntun itacen girki. Ta ce in akwai sauran ido mai rai a jikinsa, yanzu da babu mai ƙwace masa abinci zai iya farkawa, in babu kuma shi ke nan. Sai a lokacin na gane dalilin maganarka ta ƙarshe. Kana kan gadon mutuwa kana ƙoƙarin tsare abin da ya rage daga hannuna, ba tare da ka kunyata ni ba.

Mako guda bayan haka wani ɗan toho ja ya ɓullo a gefen ƙullin, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya fito ne daidai kan iyaka, inda ni ba zan iya cewa sama yake ko ƙasa ba, ɗalibarka ma ta duba ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Mutum ɗaya ne zai kalle shi sau ɗaya ya faɗa, shi ne kuma muka binne.

Shekaranjiya na tattara ƙarfin halina na hau wurin Mama. Tun rasuwarka duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni Gajeriya, ina cewa tana nan. Na durƙusa a bakin ƙofar falo na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurare ni har na gama, carbinta a hannu. Ta ce ta sani. Ta ce ina fita daga ɗakin asibitin ka juya fuskarka bango ka yi kuka, abin da ba ta gani ba tun rasuwar ɗanku na fari. Da ka natsu ka faɗa mata, ka ce laifinka ne da ka bar almakashi a rataye a gaban mai aski, kuma ka roƙe ta kada ta nuna mini ta sani, sai in ni na zo da ƙafata. Ta ce kwana ashirin da ɗaya tana tambaya ta ne don ta ba ni ƙofar faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce mini "ba komai" ba, domin akwai komai. Ta ce in sauko mata da tukunyar inda za ta dinga ganin ta.

Yanzu tana barandar Mama, a kusurwar da na auna na tabbatar rana tana yin awa shida. Ni nake hawa in ba ta ruwa kafin in buɗe shago. Ganyen farko ya buɗe jiya da yatsu uku, ɗalibarka ta ce uku ba ya yanke hukunci, sai na biyu ko na uku. Yau da safe na tarar Mama ta riga ni, ta ja kujera kusa da tukunyar, ta sa tabarau tana leƙen tohon. Ba ta ɗago kai ba ta ce mini na biyun bai buɗe ba tukuna. Ina tsoron safiyar da zai buɗe, kuma ba na iya jiran ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi shekara arba'in da shida tare da kai, Allah ya ba ta haƙuri da lafiyar gwiwa, ya sa abin da take jira ya zo mata da biyar. Ina yi wa 'yarka da mijinta da jikokinka ta'aziyya, da ɗalibarka, da duk mai tukunyarka a ƙofa ko a baranda. Sauran arba'in ɗin suna nan lafiya, makullin yana hannuna har iyali su yanke shawara, kuma na sauko da almakashin na damƙa wa Mama.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya zukatanmu. Ka saka masa da lambun Aljanna, inda ba zai sake auna zurfin ƙasa da hannu ba. Baba, ban nemi gafararka ba kana ji, ina nema yanzu a gaban duk wanda ya karanta wannan. Ka ga laifina da idonka, ka ƙirga shi da yatsanka, ka rufe ambulan. Allah ya rufa maka asiri ranar da za a ƙirga na kowa, kamar yadda ka rufa mini. Amin.